Ƙullin Daddawa a Hannun Mai Fita

Ranar da aka zauna a zauren Mai Unguwa Garba, ga waɗanda ke wurin. Shi Mai Unguwa yana kan buzunsa, Liman Malam Idi yana damansa. Akwai Ladi mai ɗinki da Maryama matar direba, su suka kawo ƙara. Akwai Buba masunci, daga wani ƙauye a bayan Auyo, da matarsa Hansatu, ta ja mayafi har kan hanci. Akwai wadda ake ƙara, Hajiya Safiya mai kamfanin kayan mata, an ɗauko mata kujerar roba don ta ce gwiwarta ba ta shiri da tabarma. Sai ni, Dije, wadda Haɗeja ke kira Gwaggo Dije mai daddawa. Sunan Buba da na matarsa ba nasu ba ne, ni na raɗa musu, kada wani ya wahalar da kansa da bincike.

Daddawa kuwa ina sayarwa, ba sharri aka yi mini ba. Amma ba don ita aka kira ni zauren ba. Tambaya ɗaya aka yi mini ranar, auren Hansatu kuma yana rataye a kan amsar. Kafin ku ji ta sai kun san sana'ar da na tsufa a cikinta, don ku yaran yanzu kun ɗauka kayan mata niƙa ne da ɗurawa a roba, a ɗauki hoto a watsa a waya.

Aikin farko da Ya Falmata ta ba ni wankin kalwa ne. Babarbariya ce, tsohuwa, gidanta yana gangaren kogi, ita ke haɗa wa matan garin nan kayan gyaran aure tun kafin a yi mini kitson fari. Na je mata bayan rasuwar mijina, da goyo a bayana. Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini tukunyar kalwa da ta kwana a wuta, ta ce in surfe ta da toka in kai kogi in wanke har ɓawon ya fita. Na wanke, na sake dafawa, na rufe ta da ganye ta ruɓa, na kirɓa, na mulmula, na shanya. Haka damina ta shiga ta fita, hannuna yana wari, ko ƙwayar kanumfari ban taɓa ba.

Wata rana na gaji na ce, “Ya Falmata, ni fa magani na zo koyo.”

Ta ce, “To me kike yi? Zauna a bakin ƙofa yau ki buɗe ido.”

Na zauna. Mace za ta yi sallama da ɗan kwano a hannu ta ce daddawa take so. Ya Falmata ta ce mai kyan tana ciki, su shige ƙuryar ɗaki a saki labule. Su jima. Idan matar za ta fita, abin da ya kawo ta yana ƙulle a ƙugunta ƙarƙashin zane, a hannunta kuma ga ƙullin daddawa a fili, kowa yana gani. Maza na zaune a dakalin masallaci, uwar miji na leƙe ta katanga, duk abin da suka gani mace ce ta sayo kayan miya. Ranar na gane daddawar nan ba abin rage zafi ba ce. Ita ce ƙofar gidan, ita ce kuma murfinsa.

Mu biyu ne muke koyo, ni da wata Talatu. Talatu ta fi ni hannu, ba na musu. An yi suna a unguwarmu, muna zaune cikin taro, sai ga wata matar ɗan kasuwa da ta zo wurinmu makon da ya wuce. Talatu ta washe baki ta ce, “Hajiya, ya jiki? An ji daidai?” Abin da ta faɗa ke nan, ba ƙari. Matar ta yi kamar ba ta ji ba, amma na kusa sun ji. Da muka koma gida Ya Falmata ta ɗaure wa Talatu kayanta ta aje a zaure. Ba ta daka mata tsawa ba. Ta ce, “Je ki sayar da ƙosai, can ake gaishe da masu ciniki.” Sannan ta juyo gare ni ta ce, “Ke kuma ki riƙe. Macen da ta shiga ɗakin nan ba ki san ta ba. Ba a hanya ba, ba a biki ba, ba a gaban mijinta ba, ba a gaban sarki ba. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce: daddawa nake sayarwa, ba na kallon fuska.”

Bayan korar Talatu aka bar ni na taɓa turmi. Turmin kirya ne, baƙi, shi na gada da Ya Falmata ta rasu. Taɓarya biyu gare shi, ɗaya ta kayan yaji, citta da masoro da kanumfari, ɗaya ta kayan zaƙi, aya da dabino da riɗi. Idan kika haɗa su gumbarki ta yi ɗaci, mace ta ci sau ɗaya ba ta ƙara. Tsimi a tukunyar ƙasa ake dafa shi, rake da sassaƙen ɓaure da mazarƙwaila, a ɗora da hantsi, wuta kaɗan kaɗan, ba a sauke ba sai ya yi duhu ya kama bayan ludayi. Saiwoyi wata Bafulatana ce ke kawo mana daga dajin Baturiya, ta tsallako da su a jirgi, da ƙasarsu a jiki, don saiwar da aka wanke kafin ta iso ba ka sanin ta wace bishiya ce. Kazar amarya kuwa ba a ba yarinya ta kai. Da kanki za ki ɗauka, a rufe, ki miƙa wa gwaggon amarya hannu da hannu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wanda yake da hannu zai iya. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne zama a ƙuryar ɗaki ki yi shiru.

Akwai wata matar makiyayi da ta zo mini daga wajen Jahun. Ta zauna tun hantsi tana ba ni labarin tsadar dusa da ciwon kofaton shanu. Ban katse ta ba, ina ta mulmula daddawa. Sai da aka kira azahar ta dubi ƙasa ta faɗi abin da ya kawo ta, cikin kalma uku. Da na yi mata tambayoyi na ga ba tsimi take buƙata ba, ciwon sanyi ne ya ci ƙarfinta. Na ce ta je asibitin mata, ta ja mijin su je tare idan zai yarda. Ta fita ba komai a ƙugunta, amma da ƙullin daddawa a hannu. Da yawan masu zuwa haka suke. Wata yunwa ce, wata gajiyar dashen shinkafa ce ta wuni tsugune cikin ruwa, wata kuwa lafiyarta ƙalau, maigidan ne ba lafiya, ba ta da wanda za ta gaya wa a duniya. Irin wannan maganar idan ta fita daga bakin mace, ta ba ki wuƙa ne ta juya miki baya. Na karɓi irinta ba adadi. Babu wadda ta taɓa kwana a wani wuri in ba cikin kaina ba.

Safiya 'yar maƙwabciyata Lantana ce. A gabana aka haife ta, ni na yi wa uwarta ruwan zafi. Da ta gama karatu a Kano ba aiki, Lantana ta kawo mini ita. Yarinya mai kaifin kai, abin da aka nuna mata sau ɗaya ta riƙe. Wankin kalwa ne kawai ta ƙi, ta ce warin yana bin ta har cikin barci. Na ƙyale ta don idon uwarta. Tana son tambaya. Wata rana muna tankaɗe ta ce, “Gwaggo, yanzu da za a kai ki gaban alƙali a ce wance ta zo wurinki, me za ki ce?”

Na ce, “Daddawa nake sayarwa, ba na kallon fuska.”

Ta ce, “Ko da matar ce ke da gaskiya, faɗarki ce za ta fisshe ta?”

Na ce, “Idan tana so a sani, bakinta yana jikinta. Nawa ba zai riga nata ba.”

Ta yi dariya har ta aje rariya, ta maimaita maganar tana kwaikwayon muryata. Na ɗauka wasa take. Ta yi damina biyu a wurina ta tafi.

Shekarar da ruwa ya ci gari ita ce mummunar shekarata. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin kogi, ruwan ya rasa inda zai bi, ya biyo gidajenmu. Katangata ta gabas ta zauna. Buhun kalwa ya jiƙe ya ruɓe ba irin ruɓar da ake so ba, saiwoyin da na tara suka yi fumfuna, tukwanen tsimi suka farfashe ƙarƙashin ƙasar ɗaki. Turmin Ya Falmata a bayan gidan wani mahauci aka tsinto mini shi, ya yi iyo. Muka koma ajin makaranta, mata da yara a jibge, kowa da ƙullin tsummansa. Shinkafar fadama ta nutse, ba wanda ke zancen gyaran aure, kowa ta tuwo yake.

Nan Safiya ta same ni, a mota. Ta zama Hajiya. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, wannan ba zan hana ta ba. Ta ce ta buɗe kamfani a bakin titi, tana da injin niƙa da 'yan mata masu ɗura, amma ba ta da hannu irin nawa. Ta ce akwai ɗaki a bayan shagon, da siminti, ruwa bai taɓa shi ba. Na ɗora turmina a bayan motarta na bi ta.

Sunan kamfanin na Turanci ne, har na bar wurin bakina bai iya shi ba. Ranar farko na ga wata mace ta fito da jaka mai launin hoda, an zana fure da sunan kamfanin ɓaro-ɓaro, ta bi titi da ita 'yan acaɓa suna ƙyafta wa juna ido. Na ce, “Ke Safiya, ina abin hannu? Haka za ta ratsa kasuwa?”

Ta ce, “Gwaggo, jakar nan ai ita ce tallar. Zamanin ɓoye-ɓoye ya wuce, mata sun waye.”

Na ce, “Mazansu fa, sun waye?”

Ta ce in sha shayi kada ya huce.

Ga yadda tsarin yake, yadda na gan shi da idona. Mace ba ta saye kawai ta tafi. Sai ta yi rijista ta zama mamba, a sa ta a gurup na waya. Kowane wata sai ta ɗauki kwalin kaya, ta yi amfani da wasu, ta sayar da sauran, ta kuma kawo wasu matan su shiga ta ƙarƙashinta. Kaya sun tafi ko ba su tafi ba, wata na kamawa wani kwalin yana jiran ta. Na ga wadda ta sayar da keken ɗinkinta, na ga wadda ta sayar da akuyar 'yarta. Wannan duk zalunci ne irin na kasuwa, an saba ganin sa. Wanda ban taɓa gani ba shi ne sharaɗin shiga. Kafin a karɓi mace sai ta aiko da saƙon murya, ta faɗi sunanta da garinsu, ta faɗi duk abin da ke damun ta tsakaninta da mijinta, ba ragi, wai don Hajiya ta zaɓa mata haɗin da ya dace da ita.

Abin da matar makiyayi ta yi rabin wuni kafin ta furta, shi mata ke zubawa a waya suna tsaye a bayan ɗaki.

Na ce wa Safiya maganar mace a kunne ake zuba ta, mai kunnen ta mutu da ita. Ta nuna mini wayar ta ce, “Wannan ta fi kunnenki tsaro, Gwaggo, makulli gare ta.” Na ce makulli ai yana da mai riƙewa. Ta ce, “To ni ce. Ko ba ki yarda da ni ba?”

Aikina daka ne da dahuwa, sai miƙa kwali ga mambobin da suka zo ɗauka, don ta ce matan ƙauye sun fi sakewa da tsohuwa. Na gyara ɗakina da rani na koma gida, ina zuwa da safe. Na ci gaba da yin daddawata. Duk macen da ta karɓi kwali a hannuna nakan cusa jakar kamfanin a cikin tsohon buhu, in ɗora mata ƙulli a hannu. 'Yan matan shagon suna yi mini dariya, suna ce mini Gwaggo kamfanin daddawa.

Sai mata suka fara neman fita. Wadda duk ta ce ta gaji, Safiya ta kira ta ofis, ta rufe ƙofa. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Takan ce, “Haba 'yar uwa, bayan duk abin da kika gaya mini? Muryarki fa tana wurina.” Matar ta fito ta ɗauki kwali.

Wata ta ƙi ɗauka. Ba a jima ba wani talla ya fita a wayoyi: hoton robar tsimi, a bayansa muryar mace, an matse ta ta zama siririya kamar ta yarinya. Tana cewa mijinta masunci ne, tun da tsargiya ta kwantar da shi bai koma namiji ba, yana tsayawa gyaran komar kamun kifi a bakin ruwa don kada ya shigo ɗaki da wuri. Ta ambaci jirginsa mai faci da buhun taki. An yanke suna, an bar sauran. Tallan ya zaga Haɗeja, ya sauka Auyo, ya isa mashigin da masunta ke ɗaure jirage. A can suka kunna wa Buba shi, suna tambayar sa ko a sayo masa roba ɗaya.

Ranar da na ji tallan na ɗaure taɓaryuna, na kira mai kura ya ɗauki turmina. Safiya ta tsaya a ƙofa ta ce, “Gwaggo, ko sallama?” Na ce na yi.

To mun dawo zaure. Ladi ce ta fara, a tsaye, sai da Mai Unguwa ya ce ta zauna. Ta ce, “Ranka ya daɗe, matar nan ta ɗaure mu da bakinmu. Kekena ya tafi, na ce zan fita, ta ce muryata tana wurinta. Ga Maryama, ita ma haka. Wasu suna gida sun kasa zuwa, tsoro suke ji.”

Safiya ta gyara zaman gyalenta ta ce, “Ranka ya daɗe, cewa na yi damuwarta tana wurina, ina nema mata magani. Yanzu tausayi ma laifi ne? A nuna mini mace ɗaya da na fitar da sirrinta.”

Ladi ta ce, “Tallan fa? Aljani ne ya yi magana a ciki?”

“Yarinya ce na ɗauka haya a Kano, aka rubuta mata ta karanta.”

Buba ya yi magana, shi ne karon farko. Mutum ne dogo, ruwa ya cinye masa farcen ƙafa. Bai dubi kowa ba. Ya ce, “Yarinyar Kano ta san facin jirgina?”

Safiya ta ce, “Malam, masunta nawa ne a kogin nan masu tsargiya? Jirage nawa ne masu faci? Kowa ya ji ya ce shi ne, ai ba za mu tashi ba.”

Buba ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ba shari'ar kamfani ta kawo ni ba. Na tambayi iyalina a gida, ta ce ba ta san matar nan ba, ba ta taɓa taka shagonta ba. Waya ma ba ta da ita, sai dai aro. Na kasa fita bakin ruwa. Idan ita ce ta kai ni kasuwa, a zauren nan zan sauwaƙe mata, Malam shaida ne. Idan ba ita ba ce, in ba ta haƙuri gaban kowa mu tafi.”

Hansatu ba ta motsa ba. Yatsun ƙafarta kawai na ga sun ƙanƙame bakin tabarma. Tana da 'ya'ya ƙanana a gidan Buba, iyayenta kuma ruwa ya tashe su, suna raɓe a gidan wani.

Mai Unguwa ya ce, “To wa zai raba mana wannan?”

Safiya ta ce, “Mai sauƙi ne, ranka ya daɗe. Duk mambar da ta taɓa ɗaukar kaya, ta hannun Gwaggo ta bi. Ta bar ni, ba ta tare da ni, ba wanda zai ce za ta kare ni. Garin nan kuma ba wanda ya taɓa kama ta da ƙarya. A tambaye ta. Abin da ta faɗa na yarda.”

Ta juyo ta dube ni, fuskarta a sake, irin kallon da take yi mini sa'ad da take 'yar tankaɗe a tsakar gidana.

Mai Unguwa ya sa Hansatu ta sauke mayafi. Ya ce, “Gwaggo Dije, dubi matar nan da kyau. Ta taɓa zuwa wurinki?”

Ladi ta matso har gwiwarta tana taɓa tawa. Ta ce, “Gwaggo, ki dubi Allah. Kalma ɗaya ce. Idan kika faɗa an kama ta, mu duka mun fita. Mata cike suke a wayar nan, ke kin sani.”

Na sani. Na san su da fuskokinsu da irin buhun da na cusa wa kowace. Na kuma san abin da zai biyo bayan kalmar, don Buba ya riga ya faɗa a gaban Liman, ba zai iya haɗiye ta ba ko yana so. Ita mai maganar tana zaune, bakinta yana jikinta, ba ta buɗe ba.

Na ce, “Ranka ya daɗe, daddawa nake sayarwa, ba na kallon fuska.”

Ladi ta ce, “Innalillahi! Gwaggo!”

Mai Unguwa ya ce, “Ba daddawa na tambaye ki ba.”

Na ce, “Na ji abin da ka tambaya. Tun kana yaro ana aiko ka saye a gidan Ya Falmata, amsar ke nan. Ba ta sake ba.”

Maryama ta ce a ba ni Alƙur'ani in dafa. Liman ya dubi carbinsa. Gidansa ma ana cin daddawa. Ya ce ba a ɗora wa tsohuwa rantsuwa a kan abin da ta ce ba ta riƙe ba, kuma ba a kashe aure a kan zato. Ya juya ga Buba ya ce, “Ka ji. Ba wanda ya shaidi iyalinka.”

Buba ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, ba tare da ya waiwayi matar ba, “Ki yi haƙuri.” Ta mayar da mayafinta.

Ku da kuke jira in gaya muku ko ta zo ko ba ta zo ba, ku ma amsarku ke nan.

Mai Unguwa ya ce ba shaida, ba abin da zai tura gaba. Ya roƙi Safiya, roƙo, ta goge muryoyin mutane don a zauna lafiya. Ta latsa wayar sau biyu ta ce an goge. Wa ya gani? Aka shafa fatiha.

A waje Ladi ta tare ni. Ta ce, “Ashe ke ma sayen ki ta yi. Kin ceci ɗaya kin zuba mu a rijiya. Wallahi ko gawata kada ki zo.” Na wuce. Tun daga ranar idan ta hango ni takan sauya hanya, kwalin kuma ta ci gaba da ɗauka har ta bar garin. Maryama ma ta ci gaba. Ban ce Ladi ba ta da gaskiya ba.

Ina cikin tafiya motar Safiya ta tsaya a gefena, ta sauke gilashi. Ta ce, “Gwaggo, shigo in sauke ki, rana ta yi.”

Na ce, “Ƙafata tana aiki.”

Ta yi ƙasa da murya ta ce, “Kada ki riƙe ni. Ke kika koya mini.”

Ni na koya mata, ba ƙarya ta yi ba. Ya Falmata ta ba ni maganar nan don in rufe asirin mata da ita, yarinyar da ta ƙi wankin kalwa ta ɗauke ta ta rufe kanta. Kamfanin yana nan a bakin titi, an ƙara masa bene. Idan kuna son sana'ar nan don kun ga benen, ku je can, ba ni za ku tambaya ba. Idan kuma wurina za ku zo, tukunyar kalwa tana kan murhu, kogi yana inda yake.

Washegari da sassafe na jera daddawa a faifai na nufi tashar Auyo. Ban taɓa kai talla tasha ba tun da nake, amma na ji cewa Buba da matarsa a gari suka kwana, gidan wani ɗan'uwansa. Na samu gindin bishiya na zauna. Ba a jima ba sai ga su, yana tura babur, tana bayansa da tazara. Ta gan ni ta tsaya cak. Shi ma ya tsaya, yana duban ta, yana dubana.

Na ce, “Malam, an tashi lafiya? Ya gajiyar jiya?”

Ya ce, “Da godiya, Gwaggo.”

Na ce, “Wannan ce iyalin taka? Ka ga idon tsufa, jiya ban riƙe ta ba.”

Ya waiwaya. 'Yan acaɓan Auyo suna zaune a kan baburansu, sun kasa kunne. Ya sa hannu a aljihu ya ce da ƙarfi, yadda za su ji, “Ita ce. Ba ta ƙulli ɗaya, an ce taki ta fi ta kowa.”

Na zaɓi babba na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ba ta ɗago ba. Ya tayar da babur, ta hau, suka bi hanyar fadama. Ba ta sa ƙullin a cikin mayafi ba. A fili ta riƙe shi, a kan cinyarta, har suka sha kwana.

Na ɗauki faifaina na koma gida na ɗora kalwa.